Sunan da Yaya Hajo ta Kira

Yayata Hajo ta tashi. Da wannan na fara don kada mai karatu ya zaci labarin rasuwa zan ba shi. Tana nan Jiratawa da ranta, tana shan ƙwayoyinta kowace safiya, har ta koma leƙa garka. Alhamdu lillahi. Sai dai jinyar ta kayar da wata baiwar Allah da ba ita ce ke kwance ba, kuma a tsakar gidana aka yi, ina tsaye. Shi ya hana ni yin shiru.

Sunana Zuwaira, ina koyarwa a wata lakkol, wato makarantar boko, ina zaune unguwar Zariya a Maradi. Mu biyu innarmu ta bari. Hajo ce babba, tana aure a Jiratawa wurin Ilu, suna da garkar zogale da tattasai a bakin ruwan noman rani. Katanga ɗaya ta raba gidansu da na Iya Kande, ƙawar marigayiya innarmu, tsohuwa 'yar wani ƙauye bayan Tsibiri. Mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba. Tun ranar da Hajo ta tare, Iya Kande ce uwarta a garin. Ita ta yi mata wankan jego duk haihuwarta huɗu. Tare suke zama a inuwa suna zage ganyen zogale, kwano ɗaya suke sa hannu.

Daga gwiwa abin ya faro. Hajo ta yi watanni tana kukan gwiwoyi da wuyan hannu, in ta durƙusa a garka sai an kama ta ta miƙe. Wata rana na saya mata ƙwayar ciwon jiki wurin mai tebur a kasuwa, irin wadda kowa ya sani. Washegari ta kira ni tana dariya, ta ce kamar an zare mata ƙaya. Daga nan duk Juma'a in na tashi daga lakkol sai in saya in aika mata a motar Jiratawa. Daga guda a rana ta koma biyu, ranar tsinkar tattasai har uku. Na san da haka. Daɗi ma nake ji, wai ina yi wa 'yar'uwata hidima.

Satin farko na ciwon, kasala ce da rashin cin abinci. Ta ce ko warin mai ta ji sai zuciyarta ta tashi. Kowa ya ce masassara ce, damina ta kama, aka yi mata maganin masassara. A sati na biyu fitsarinta ya koma kamar shayin da aka manta a wuta, idanunta suka yi ɗorawa. Nan kuma kowa ya zama likita. Wannan ya ce shawara ce, a jiƙa saiwar rawaya. Wancan ya ce a hana ta nama da mai. Wata ta kawo sassaƙe a leda ta rantse shi ya tashi mijinta. Duk an ba ta, duk ta sha, ta amayar da rabi. Da na je ranar Lahadi na same ta kwance a ɗakin Iya Kande, tsohuwar tana yi mata fifita, tana sosa mata baya da ɓawon masara, don ƙaiƙayi ya hana ta sakat. Iya ta ja ni gefe.

"Zuwaira, wanga ba ciwon gida ba ne. Ku kai ta birni tun tana iya taka ƙafarta."

Ita ce mutum ta farko da ta faɗi haka. Ina so a riƙe wannan.

Sati na uku muka shigo Maradi. Wanda bai yi jinya ba bai san tsawon yini ba. Mu isa da sanyin safiya mu tarar an riga an jera karne, ɗan littafin nan na asibiti, a kan benci, kowane da dutse a kansa yana riƙe wa mai shi layi. Hajo ta kwanta a kan zanena a ƙasa, ƙudaje suna binta, har rana ta take. A ba mu takarda mu je a ɗebi jini, a ce sakamako sai jibi. Jibi a ce injin ya tsaya, mu gwada wani wuri. Kowace takarda da kuɗinta, tumakin Hajo biyu a nan suka tafi. Amma ba zan ci amanar wata majo ba, ma'aikaciyar jinya mai jiki, wadda ta ga Hajo tana rawar sanyi a ƙasa ta ɗaga ta da hannunta ta kai ta gado ba tare da ta san mu ba. Allah Ya saka mata.

An auna ciwon hanta irin na B, babu. Irin na C, babu. An yi eko, wato hoton ciki, an ce hanta ta kumbura amma ba ƙari, ba dutse. Ni da na yi boko sai na ga kowane "babu" yana ƙara tsorata ni, don ciwon da aka san sunansa ya fi sauƙin ɗauka.

A sati na huɗu aka haɗa mu da wani dokta, siriri mai farin gilashi, mai magana a hankali. Ya ce zai aika jininta Yamai, sai an jira. Ya zaunar da ni da Ilu, ya yi ƙoƙarin yi mana bayani da Hausa.

"Cikin jinin kowa akwai sojoji masu tsaron jiki. Aikinsu su kashe cuta in ta shigo. Abin da nake zato, nata sojojin sun rikice, sun ɗauki hantarta baƙuwa ce. Su ne ke cin ta daga ciki."

Ilu ya ɗago kai. "Cin ta ake yi, dokta?"

"Kusan haka ne, malam."

Ya rubuta ordinans, takardar sayen magani, Ilu ya fita da ita farmasi. Da muka rage mu biyu sai dokta ya sake tambayar da ya yi mana tun farko, me da me take sha. A da rawaya da sassaƙe kawai muka lissafa, don ban ɗauki ƙwayar gwiwa a bakin magani ba. Wannan karon na buɗe jakar Hajo na ciro fankon katin ƙwayar na miƙa masa. Ya juya shi, ya tambaye ni wata nawa. Na faɗa masa. Ya tambayi wa ke ba ta. Na ce ni ce.

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗauki biro ya rubuta wata kalma a bayan takarda, prostaglandine, har yau takardar tana wurina.

"Madam, wannan abu ne da jiki ke yi da kansa. Shi ke kawo zafi da kumburi in an ji ciwo, ƙwayar nan kuma aikinta ta toshe shi, shi ya sa ake jin sauƙi. Amma ba aikinsa ɗaya ba. Akwai lokacin da shi ne ke ce wa sojojin nan su sassauta, yana kuma taimakon hanta ta gyara kanta. Ita ƙwayar ma, a jikin wasu mutane, takan sa sojojin su juya wa hanta. Ban ce ita ce ta jawo ba. Mai yiwuwa ciwon gwiwar ma farkon wannan cutar ne. Ko masu bincike ba su gama gane yadda abin yake ba. Amma daga yau ko rabi kada ta ƙara sha."

Da Ilu ya dawo ban gaya masa ba. Na ce a raina sai Hajo ta samu sauƙi. Shi kuwa ya koma Jiratawa da yamma duba yara, ya tafi da kalma ɗaya tak daga duk bayanin dokta: ana cin hantarta daga ciki.

Sati na biyar shi ne mafi muni. Ƙafafunta suka kumbura, ta koma barci da rana tsaka, in an tashe ta ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. In ta miƙa hannu sai ya riƙa karkarwa kamar fiffiken kaza. Aka ba ta gado. Dokta ya ce dattin da hanta ta kasa tacewa ne ya hau kanta, ya ce ba zai ƙara jiran Yamai ba, ya fara ba ta wani magani mai kwantar da sojojin, kortizon, da wani siro, maganin ruwa mai sa zawo don dattin ya fita. Ya ce maganin ba ya aiki rana ɗaya, sai an yi haƙuri sati biyu ko fiye, kuma bai yi mana alkawarin komai ba.

A satin nan ne Tsahara ta zo. Yayar Ilu ce, ita ta riƙe shi bayan rasuwar uwarsu, maganarta ba ta faɗuwa ƙasa a gidansu. Ba muguwa ba ce, in faɗi gaskiya. Ta zo da kwanon abinci da sabulu, ta yi kuka da ta ga Hajo. Tana zaune a bakin gado da hantsi sai Hajo ta fara sambatu, ido a rufe, yatsunta suna motsi a kan zane.

"Iya Kande... Iya, ya isa hakanan. Bar sauran sai gobe. Iya Kande, na gaji."

Ni na gane abin da take yi. Zogale take zagewa a cikin barcinta, yatsun ma sun nuna. Amma Tsahara ba ta dubi yatsun ba, ta juyo gare ni.

"Kin ji ko?" in ji ta. "Ta kira suna."

"Yaya Tsahara, zogale ne. Kullum tare suke..."

"Ke dai boko ya cinye ki. Dokta da bakinshi ya ce cin ta ake. An auna komi ba a ga komi ba. Yanzu ga ta ta faɗi mai cin ta. Mi ya rage?"

A wurinmu an san wannan magana. Ana cewa wanda maye ya kama, in abin ya yi nisa, yakan kira sunan mai riƙe da kurwarsa, kuma ba ya tashi sai mayen ya tsallaka shi. Iya Kande kuwa duk abin da ake nema a jikin wanda za a zarga tana da shi: tsohuwa, ba ɗa, ba miji, ba dangi a garin, danginta na ƙauye kuma an san su da tsafin gargajiya.

Kwana uku Tsahara tana kan Ilu. Rana ta huɗu ya ce zai fitar da matarsa. Dokta ya ce bai yarda ba, ya yi magana har muryarsa ta canza, Ilu ya dangwala hannu a takarda. Jiratawa suka so kai ta. Na durƙusa a gaban Ilu a barandar asibiti, mutane suna kallo, na roƙe shi ya bar ta gidana a Zariya, kusa da likita. Ya yarda. A duk jinyar nan wannan kaɗai na iya hanawa. Dokta ya damƙa mini magungunan ya ce, "Madam, ko me za su yi, kada ki tsallake ko rana ɗaya."

Bayan kwana biyu, da la'asar sakaliya, adaidaita ta tsaya ƙofar gidana. Ilu ya fito, Tsahara ta fito, da wasu mata biyu na unguwarsu. Sai Iya Kande a ƙarshe, tana saukowa da kyar, ta sha zanenta na zuwa biki, riƙe da kwanon kunu da ta ɗaure da ƙyalle. Tun da aka kawo Hajo birni take roƙon a zo da ita dubiya ana ce mata gobe. Ta zaci goben ce ta zo.

An shimfiɗa wa Hajo tabarma a tsakar gida saboda zafi, tana kwance ba ta san wanda ke kanta ba. Iya ta ajiye kwano ta nufe ta tana cewa, "Wayyo ɗiyata, haka kika koma?" Tsahara ta tare ta da hannu.

"Ba dubiya muka kawo ki ba, Kande. Ta kira sunanki. Ki sakar mana ita."

Iya Kande ta dubi Tsahara, ta dubi Ilu, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Sannan ta juyo gare ni.

"Zuwaira, har da ke?"

Ga takardar dokta a ɗakina. Ga fankon ƙwaya a jakata. Abin da ya kamata in ce a bayyane yake: in ana neman hannun da ya ba ta wani abu, ga nawa. Na buɗe baki na ce, "Iya, dokta ya ce..." Tsahara ta daka mini tsawa, na yi shiru. Tsawar ba ta kai ta rufe mini baki ba, tsoro ne ya rufe shi. Na ji tsoron idan Hajo ta mutu a ce ni na kashe ta.

Ɗaya daga cikin matan ta ce ai sai ta tuɓe, haka ake yi. Ilu ya ce a'a, tsallaken ya isa. Iya Kande ta kwance mayafinta ta ninke shi ta ɗora a kan kwanon kunun.

"In tsallakena zai tashe ta, ku matsa in wuce."

Ta tattare zane ta ɗaga ƙafa. Tsohuwa ce mai ciwon ƙugu, tsallake kwata ma aiki ne a wurinta. Na farko, ta yi. Na biyu, ta tsaya ta huta tana haki. A na uku ƙafarta ta sarƙe da gefen tabarma ta tafi za ta faɗi, na yi wuf na riƙe damtsenta. Ta tsaya da ƙafafunta, sannan ta zare hannunta daga nawa a hankali, ba fushi, kamar mai cire ƙaya daga zane. Ta ɗauki mayafinta ta fita ta zauna cikin adaidaita tana jiran su. Kunun nan Tsahara ta kai shi bayan gida ta zubar.

Na ci gaba da ba Hajo magani, safe da yamma, ina ɗaga kanta ina ɗura mata siro. Kwana huɗu bayan haka, ina shara, na ji an ce, "Zuwaira, ba ku da ɗan tuwo a gidan ga?" Na yar da tsintsiya na zauna a ƙasa ina kuka. A sati na bakwai muka koma asibiti, dokta ya duba sabon sakamakon jini ya cire gilashinsa ya ce maganin ya kama. Na Yamai ma ya iso, ya ƙarfafa zatonsa. Sati biyun da ya ce a jira maganin, su ne suka cika.

Amma a Jiratawa lissafin daban ne. An tsallaka, ta tashi. Wace shaida kuma ake nema? Farin cikin da na yi sati bakwai ina roƙon Allah Ya ba ni, shi ne ya zama hujjar da ta gama da Iya Kande. Aka daina sayen zogalenta. In ta je famfo mata su janye bokitansu. In ta yi sallama a gidan suna a amsa mata daga nesa. Kafin Hajo ta koma gida, tsohuwar ta kulle ɗakinta ta tafi Tsibiri wurin wani ɗan ƙanenta.

Ranar da muka mayar da Hajo gida aka cika ana barka. A nan na yi abin da ya kamata in yi tun a tsakar gidana. Na tashi a gaban Ilu da Tsahara da matan unguwa, na fito da fankon ƙwayar da takardar dokta, na faɗi komai, har da cewa ni ke saye ina aikowa. Na tsaya ina jiran a rufe ni da zagi. Tsahara ta karɓi fankon ta duba, ta yi dariya.

"Wagga? Wadda duk garin ga ke sha? Ni kaina yau biyu na sha. Mi ya hana ta ci tawa hantar?"

Mata suka yi dariya. Ilu ya ce, "Madam, ki bar zancen ga. Ta tashi, mu gode ma Allah." Aka ci gaba da rabon goro. Ko laifin da na zo ɗauka ba a ba ni ba.

Na gaya wa dokta a randebu na gaba, ranar da ya sa mana mu koma. Ya ce, "Da na sani da ban ce cin ta ake ba. Wata kalmar zan nema." Ya ce zai iya rubuta takarda, amma wa zai karanta wa mutanen Jiratawa su yarda?

Don haka ga abin da zan iya gaya wa wanda ya karanta. Ƙwayar ciwon jiki ba goro ba ce, kada a yi watanni ana sha ba likita. In ido ya yi ɗorawa a tafi asibiti a satin, a kuma faɗa wa likita duk abin da aka haɗiya, har wanda ake jin kunyarsa. Mai ciwon hanta in ya yi nisa yakan yi sambatu, kuma sunan wanda ya fi shaƙuwa da shi yake kira.

Hajo ba ta tuna komai na kwanakin nan ba. An ce mata Iya ta tafi ganin dangi. Sai da ta yi wata biyu a gida wata maƙwabciya ta ɓarar da zancen a bakin famfo. Ta kira ni a waya, ba gaisuwa, ta ce in shirya gobe za mu Tsibiri.

Mun same ta a wani ɗan ɗaki a ƙarshen gidan ɗan ƙanen nata, kusa da turken awaki, tana tsince wake a faifai. Ta rame. Ta daɗe tana kallon Hajo, don maganin ya kumbura mata fuska ta yi zagaye. Da ta gane ta sai ta ce, "Alhamdu lillahi, Alhamdu lillahi," tana ta maimaitawa, amma ba ta miƙo hannu ba. Hajo ta faɗa jikinta tana kuka, tana cewa ta tashi su koma gida, ita za ta tsaya a tsakiyar gari ta faɗa wa kowa. Iya ta ce a'a, ta tsufa da zama abin nuni. Ni ma na ce ta yafe mini. Ta ce, "Yarinya ce ke, kin ji tsoro." Ba ta ƙara komai a kai ba.

Akwai ƙwaryar fura a gefenta, an rufe da faifai. Hajo ta jawo ta ta ɗauki ludayi. Iya Kande ta riƙe mata wuyan hannu.

"A'a, ɗiyata. Kada ki sha daga hannuna. In kika sake kwantawa, ba ni da ƙafar tsallake na biyu."

Hajo ta janye hannunta, ta cika ludayin ta sha, ta ƙara, ta ƙara, fura tana zuba a haɓarta tana haɗuwa da hawaye. Iya Kande ba ta dube ta ba. Ƙofa take kallo, ko wani ya gani.